Wa Ya Sauke Jirgin Kyaftin Knickle?

Ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe Elwood Tanner ya buɗe cocin Port Tarrant, kamar yadda ya saba yi shekara talatin da ɗaya. Ya kunna fitilu, ya ɗaga kai ya dubi inda jirgin yake rataye. Ƙugiya ya gani ita kaɗai, manne da silin.

Kafin bakwai da rabi Sajan Noreen Veinot ta 'yan sandan garin tana tsaye a ƙarƙashin ƙugiyar, ko shayi ba ta sha ba. Jiya ta wuni a bakin titi tana raba motocin baƙin da suka zo kallon tseren kwale-kwale, har yanzu ƙafafunta zogi suke. Elwood kuwa, wanda wan mahaifiyarta ne, yana zaune a bencin gaba yana murza hularsa kamar mai matse wanki.

Jirgin ba wani babba ba ne. Na katako ne, tsawonsa kamu biyu, da sandunansa da 'yan igiyoyinsa. Kakan mahaifin Elwood, Josiah Tanner, shi ya sassaƙa shi bayan guguwar 1887, ya kwaikwayi jirgin kamun kifin da ya dawo da shi gida da rai. Mutum goma sha bakwai suka fita, goma sha ɗaya suka dawo, kuma garin ya daɗe da yanke hukuncin cewa ba don Kyaftin Enos Knickle ba, da ko ɗaya bai dawo ba. Gobe Lahadi ake addu'ar shekara ta tunawa da waɗanda teku ta ci, a ƙarƙashin jirgin kuma ake tsayawa a karanta sunayensu.

Noreen ta zagaya ƙofofi da tagogi. Babu inda aka ɓalle. Ba a ma buƙatar ɓallewa, domin da rani ƙofar gefe a buɗe take wuni saboda masu zuwa kallon gini. Elwood ya ce da ƙarfe shida ya kulle jiya, bai ɗaga kai ba saboda gajiya. Fasto kuma ya nuna wa wasu baƙi jirgin da tsakar rana. Ke nan tsakanin sha biyu da shida aka ɗauke shi, lokacin da duk mai ƙafa a garin yana bakin ruwa.

Ana cikin haka Kofur Dwight Mosher ya shigo, yana taka takalmin gida maimakon na aiki. Shekara biyu suka rage masa ya yi ritaya, kuma babu gida a garin da ba shi da dangi a ciki. Ya dubi tsanin da ke jingine a bango, ya dubi Noreen.

"Ai an gama, Sajan. Ga tsanin kafintan nan."

"Ka auna shi?"

"Me zan auna a tsani?"

Ta sa shi ya riƙe, ta hau har matakala ta ƙarshe, ta miƙa hannu. Saura tsayin mutum biyu kafin a kai silin. Ta tambayi Elwood yadda ake sauke jirgin idan za a share shi. Ya kai ta bayan bencin mawaƙa, ya nuna mata wata 'yar ƙofa da aka shafa wa fenti iri ɗaya da bango, wadda baƙo zai wuce ta sau ɗari bai lura ba. Makullinta na rataye bayan allon lambobin waƙa. Suka hau matakala mai ƙunci zuwa cikin rufi. Igiyar da ke riƙe da ƙugiyar ta ratsa ta wani rami a silin, an naɗe ta a jikin turke. Ƙurar da ke kewaye da turken ta goge. Wani ya kwance igiyar, ya sauke jirgin a hankali har ƙasa, ya sauka ya cire shi, sannan ya sake hawowa ya ja ƙugiyar sama ya naɗe igiyar tsaf.

Noreen ta daɗe tana kallon naɗin. Ɓarawo mai gaggawa ba ya komawa ya gyara wuri. Wannan aikin wanda ba ya iya barin abu a hargitse ne.

Da ta fito ta ƙofar gefe ta tarar da mutum takwas sun taru a farfajiya, kowa da sunan mutum ɗaya a bakinsa. Garnet Pardy kafinta ne daga Newfoundland, wata huɗu ke nan yana gyaran hasumiyar cocin. Ya taɓa yin shekara guda a gidan yari yana saurayi, kan satar wayar tagulla. Shi da kansa ya gaya wa fasto ranar da aka ɗauke shi aiki, kafin mako ya zagayo kuma duk garin ya ji.

Ta kori mutanen zuwa bakin shinge. A gindin matakalar ƙofar akwai garin katako shimfiɗe, raɓar teku ta jiƙa shi ya dunƙule. Ƙafafu sun tattaka rabinsa. A ɗaya rabin ta ga layi biyu sirara, kowanne bai kai faɗin ɗan yatsa ba, suna tafiya tare, sun zo har gindin matakala sun juya. Ta durƙusa ta auna tazarar da ke tsakaninsu, ta ɗauki hoto. Baro taya ɗaya gare shi. Keken guragu ya fi haka faɗi. Ba ta san abin da take kallo ba, kuma hakan ya ƙara ɓata mata rai.

Garnet ya iso da ƙarfe takwas, ya ga taron, ya ga motar 'yan sanda, ya ajiye akwatin kayan aikinsa a ƙasa ba tare da an ce masa komai ba. Dogo ne, mai furfura a gemu. Ta ja shi cikin coci.

"Yaushe ka bar nan jiya?"

"Ƙarfe ɗaya. Na yanke katakon ƙarshe a bakin ƙofar can, na tafi."

"Ina ka je?"

"Bayan fitilar teku. Na jefa ƙugiya."

"Wa ya gan ka?"

"Kifi biyu. Na cinye su."

"Ba wasa nake ba, Malam Pardy."

"Ni ma haka, Sajan. Babu wanda ya gan ni. Shi ya sa nake zuwa can."

Ta tambaye shi yadda ake sauke jirgin. Ya ɗaga kai ya dubi silin da idon mai sana'a, ya ce dole igiyar tana da turke a cikin rufi, amma shi ta waje yake hawa hasumiya, bai san ta inda ake shiga daga ciki ba. Ta nuna masa hoton layukan. Ya ce ba su nan lokacin da ya tafi, domin da ya gan su, kuma babu abin hawa a kayansa mai taya irin wannan. Ta sallame shi, ta ce kada ya bar gari. Ya ce ina zai je, ga hasumiya rabi a buɗe.

Fasto Merrill Hebb ya tare ta a ƙofa. Mutum ne mai taushin murya wanda ba ya son a ɓata wa kowa rai, don haka kullum yake ɓata wa kowa. Ya ce ba wai yana zargin kowa ba ne, amma mutane suna magana, ko za a ɗan riƙe kafintan zuwa bayan addu'ar gobe don hankali ya kwanta? Noreen ta ce ba a riƙe mutum don hankalin wasu ya kwanta. Sannan ta yi masa tambayar da ke cin ta tun safe. Jirgin ya shekara ɗari da talatin da wani abu a rataye, ƙofa a buɗe kowane rani. Me ya sa sai jiya?

Nan take Fasto ya tuna. Ranar Litinin wata ƙwararriya za ta zo daga Halifax ta wanke jirgin, ta buɗe murfin cikinsa ta duba ko gara ta shiga. Ranar Laraba ya sanar da kwamitin kula da gini, ba a kai ga gaya wa jama'a ba. Kwamitin mutum huɗu ne: shi, da Elwood, da Hollis Wentzell mai shagon kayan tarihi, da Malama Ardith Corkum mai kula da gidan Kyaftin Knickle. Dukkansu sun san 'yar ƙofar. Fasto kansa ya wuni a asibitin Bridgewater daga ƙarfe ɗaya, wurin wani tsoho da ke jinya, kuma waya ɗaya ta tabbatar da haka.

Shagon Hollis na kan titin bakin ruwa, tsakanin tsohuwar ma'ajiyar gishiri da gidan mai saƙa raga. Kowa ya san ya taɓa neman a sayar masa da jirgin har sau biyu. Ta same shi yana kurɓar ruwan zafi da zuma, murya ta dishe.

"Daga ƙarfe ɗaya zuwa shida ina kan dandamali da lasifika a hannu," ya faɗa da ƙyar. "Ke ma kin ji ni. Kuramen garin nan ma sun ji ni."

Gaskiya ya faɗa. Hazo ya sa aka ɗage tseren daga ƙarfe biyu zuwa huɗu, Hollis kuma ya cike awa biyun da tarihin kowane kwale-kwale da na uban mai shi, har ta yi fatan batir ya mutu. Ya ƙara da cewa jirgin da hotonsa ke kan kowane katin gaisuwa na garin ba ya sayuwa a ɓoye, mahaukaci ne kaɗai zai sace shi don ya sayar. Da za ta fita ya ce, in dai shawara take so, ta duba motar kafintan. Ta ja ƙofar da ƙarfi fiye da yadda ta yi niyya.

Sai kuma kawunta. Ta same shi a rumfar cocin da ke bakin ruwa yana kankare tukwanen miyar kifin jiya. Mata shida na rumfar sun riga sun shaida cewa bai ɗaga daga kan murhu ba sai biyar da rabi, amma ta san ya sha faɗa a bainar jama'a cewa jirgin gadon gidansu ne, aro aka ba coci.

"Kawu, ka san dole in tambaye ka."

"Tambayi mana. Uwarki ma haka take, ba ta da kunya." Ya ci gaba da kankara. "Ni da nake ƙirga kwanaki Litinin ta yi? Ni zan sace shi?"

"Me ke akwai ranar Litinin?"

Ya ajiye cokalin. Ya ce tun yana yaro kakarsa take cewa tsoho Josiah ya sa gaskiya a cikin jirgin kafin ya manne murfin. Wace gaskiya, ba ta taɓa faɗa ba. Abin da aka sani kawai shi ne Josiah bai sake taka jirgin Kyaftin Knickle ba har ya mutu, kuma in suka haɗu a hanya tsallaka titi yake yi. Elwood ya ce ya faɗi wannan a taron Laraba. Hollis ya yi dariya. Malama Corkum ta ce tatsuniyar gidan Tanner ce, su da ba su taɓa rasa abin faɗa ba.

Noreen ta hau tudu da ƙafa, tana fatan ta yi kuskure. Gidan Kyaftin shi ne mai launin ruwan ƙwai a ƙarshen titi, da baranda a kan rufi inda ake hango mashigar teku. Malama Ardith Corkum jikar ɗan Kyaftin ce. Ta koyar da tarihi shekara talatin da biyar, ita ta koya wa Noreen riƙe alƙalami daidai, da Dwight, da rabin majalisar gari. Yanzu tana da saba'in da huɗu, kuma sau biyar a rana take hawa da baƙi har barandar rufi ba ta haki.

"Shigo, yarinyata. Ki goge ƙafa."

Noreen ta goge ƙafa. Aka zaunar da ita a falo, aka kawo shayi da biskit na alkama. Malama ta yi jimamin jirgin, ta ce abin da ke faruwa ke nan idan aka ɗauko wanda ba a san asalinsa ba aka ba shi aikin ɗakin Allah. Noreen ta tambaye ta inda take jiya da rana.

"Inda nake kowace shekara. Na sa tufafin kakata, na zagaya gari, na sauka Dutsen Jira da ke bakin teku na kalli tseren tun daga farko har ƙarshe."

"Har da aka ɗage shi?"

"Na jira. Ai sunan dutsen ke nan."

Noreen ta rubuta. Idonta ya sauka a kusurwar falon kusa da taga, inda igiyar hana taɓawa ta kewaye fili babu komai. A kan dardumar akwai 'yan ramuka huɗu, inda wani abu ya daɗe a tsaye. Ta san abin. Ta taɓa shan dukan rula a hannu don ta taɓa shi, ranar da ajinsu ya zo ziyara. Keken jarirai ne na zamanin da, mai kwandon kaba da rumfa da tayoyin ƙarfe sirara, wanda aka tura 'ya'yan Kyaftin a ciki. Kowace ranar tsere Malama take tura shi cikin gari da 'yar tsana a lulluɓe, baƙi suna ɗaukar hoto.

"Ina keken, Malama?"

"Yana ɗakin baya. Taya ɗaya ta lanƙwashe."

"Zan iya ganinsa?"

"Makullin yana wurin mai shara, sai Litinin. Sha shayinki kafin ya huce."

Ta sha, domin ba ta da takardar bincike, alƙalin da zai sa hannu kuma yana garin da ke da tafiyar awa guda, ranar Asabar. Ta fito tana jin kanta kamar 'yar shekara tara.

A ofis ta tarar da Dwight ya jera takalman aikinsa a kan taga suna shan rana. Ya sanar da ita cewa shugaban majalisar gari ya kira sau uku, matar da Garnet ke haya a gidanta ta fitar masa da kaya waje, wani kuma ya fasa masa fitilar mota. Noreen ta zauna ta dafe kai. Ta tambaye shi, don dai ta sami wanda za ta yi wa faɗa, me ya sa yake yawo da takalmin gida a bakin aiki.

Ya ce ai jiya ne. Da aka ɗage tseren, ruwa ya fara cikowa, wasu baƙi kuma sun baje a kan Dutsen Jira ba su san hanyar komawa tana nutsewa ba. Shi ya shiga ruwa har gwiwa ya fito da su ɗaya bayan ɗaya da ƙarfe uku. Kafin a busa ƙahon fara tsere dutsen ya shafe, ko tsuntsu ba zai sami wurin tsayawa ba.

"Malama Corkum tana cikinsu?"

"Malama? A'a. Na dai hango ta da kekenta wajen ƙarfe biyu, ta yi hanyar coci." Ya tsaya, ya dube ta. "Haba, Sajan. Malama ce fa."

"Ka gan ta ta nufi coci, tun safe ba ka faɗa ba?"

"Ba ki tambaye ni wa na gani ba. Kin ce wanda ake zargi."

Ta ɗauki ma'auninta da hoton ta fita, don in ta tsaya za ta faɗi abin da zai kai su gaban shugaban 'yan sanda.

Ƙarfe huɗu Malama ta sallami baƙin ƙarshe. Noreen ta jira a baranda har suka sauka, sannan ta shiga, wannan karon ba ta goge ƙafa ba. Ta durƙusa a kusurwar falon ta auna tazarar ramukan darduma. Ta miƙe ta ajiye hoton a kan tebur.

Ta yi bayanin a tsaye. Wanda ya sauke jirgin ya san ƙofar da baƙo bai sani ba. Ya yi aikin ne kwana biyu bayan an ce za a buɗe cikinsa, maganar da mutum huɗu kaɗai suka ji. Uku daga cikinsu an shaida inda suke. Jirgi mai kamu biyu ba ya fita daga coci da rana tsaka a hammata, sai a cikin abin da ido ya saba gani har ya daina kallo. Tayoyin abin sun bar sawu a kan garin katakon da aka zubar da ƙarfe ɗaya, kuma tazararsu daidai take da ta ramukan nan. Sannan Dutsen Jira yana ƙarƙashin ruwa tun kafin a fara tsere.

"Jinin Tanner ne ke magana a bakinki," in ji Malama.

"Jadawalin cikar ruwa ne, Malama. Ke kika koya mana karanta shi." Noreen ta ɗauki hoton daga kan tebur. "An watsar wa mutum kaya a titi yau. Zan iya tafiya in samo takarda, in dawo da Dwight da mota mai jiniya, maƙwabta su fito. Ko ki buɗe mini ɗakin."

Tsohuwar ta miƙe tsaye. Sannan ta zaro makulli daga aljihun rigarta.

Keken na tsakiyar ɗakin, tayoyinsa huɗu lafiya lau, garin katako maƙale a jikinsu. Jirgin na kan tebur a kan tawul mai tsabta, ko igiya ɗaya ba ta tsinke ba. An ɗaga murfin cikinsa da wuƙar buɗe wasiƙa. Kusa da shi akwai takarda mai launin ƙasa, an danne ta da gilashi.

Rubutun Josiah manya ne, na wanda bai daɗe a makaranta ba. Ya jera sunayen mutum shida. A ƙasa ya rubuta cewa suna cikin ƙananan kwale-kwale uku suna jan raga lokacin da iska ta taso, ana ganinsu, ana jin kiransu, ma'aikata suka roƙi a jira rabin awa. Kyaftin ya sa aka sare igiyar anga aka juya, domin jirgin cike yake da kifi kuma yana son ya riga sauran isa kasuwa. Josiah ya rubuta cewa shi ne ya riƙe gatarin.

Noreen ta karanta sau biyu. Biyar daga cikin sunayen shida har yau akwai masu amsa su a garin.

"Kakata ta gaya mini tana gab da rasuwa," in ji Malama. "Shekara hamsin ina tsayawa a falon can ina gaya wa yara jarumi ne. Na kunna murhu jiya don in ƙone ta. Na kasa. Ban taɓa ƙona takarda ba a rayuwata."

"Amma kin iya zama kina ba ni shayi kina cewa kafinta ne."

Malama ta gyara gefen tawul ɗin da ya ɗan karkace.

Abin da ya biyo baya bai yi wa Noreen daɗi ba ko kaɗan. Ta rubuta rahoto cikakke, da sunan Malama a inda ya kamata. Fasto ya ce coci ba za ta shigar da ƙara ba, tunda kaya ya dawo, matar kuma ta tsufa. Shugaban majalisa ya roƙi a ce an tsinci jirgin ne kawai. Noreen ta ce duk wanda ya tambaye ta za ta faɗa masa wanda ya ɗauka, ta kuwa faɗa wa mutum uku kafin ta isa mota, wanda a Port Tarrant daidai yake da shela. Takardar kuma kwamiti ya ce za a ajiye ta sai an zauna. Elwood ya ce su zauna ɗin, shi ya riga ya haddace.

Ranar Lahadi jirgin na rataye a wurinsa. Da fasto ya kai sunaye shidan 1887, Elwood ya miƙe daga bencinsa ya tsaya shi kaɗai har aka gama su. Wurin zaman Malama babu kowa.

Noreen ba ta jira ƙarshen addu'a ba. Ta fito ta ƙofar gefe ta tarar da Garnet yana ɗaure tsaninsa a kan mota. Ya rufe ramin hasumiyar da tamfol, ya buga masa ƙusoshi a jere don kada ruwa ya shiga. Ta gaya masa an wanke shi, kowa ya sani. Ta ce fasto na son ya ci gaba da aiki, matar gidan hayar ta ce ya dawo, kuma ita da kanta za ta nemo wanda ya fasa fitilar.

Ya ja igiyar ya ƙulle, ya gwada ƙarfinta.

"Na gode, Sajan. Kin yi aikinki." Ya dube ta. "In tambaye ki. Da a ɗakina kika sami jirgin nan a kan tawul, yau ina zan kwana?"

Ta san amsar, shi ma ya sani. Ta tsaya da hularta a hannu. Daga cikin coci aka ɗauki waƙar rufewa.

Ya gaya mata cewa ginshiƙin arewa na hasumiyar ya ruɓe har ciki, duk wanda za su ɗauka ya fara da shi kafin sanyi ya shigo, in ba haka ba ƙararrawar za ta sauko musu a ka. Ya sa ta maimaita, ginshiƙin arewa. Sannan ya shiga mota ya tayar, ya bi titin bakin ruwa a hankali da fitila ɗaya, ya wuce ma'ajiyar gishiri, ya hau hanyar barin gari.